Mazurarin wuya da kwalar lantarki: Na jinya da na horo

Wasu kayayyaki guda biyu da ake ɗaura wa karnuka da kyanwoyi a wuya, waɗanda a da sai a Turai da Amurka ake ganinsu, yanzu sun shigo asibitocin dabbobi da shagunan manyan biranen Najeriya. Mai wayar salula a Yelwa ko Wara ma yana iya sayensu ta intanet, a aiko masa.

Na farko wani faffaɗan mazurari ne na roba da ake zura kan dabba a ciki, domin a hana ta lasa ko cizon raunin da ke jikinta har ya warke.

Na biyu kuwa wata kwala ce mai batir, wadda ke sakar wa kare wutar lantarki a wuya idan mai shi ya latsa maɓalli, da nufin koya masa biyayya.

'Yan kasuwa kan jera su wuri guda a matsayin kayan kula da dabbobin gida. Sai dai likitocin dabbobi ba su ɗauke su ɗaya ba. Da wuya a sami asibitin dabbobi na zamani da ba ya aiki da mazurarin, yayin da kwalar lantarkin ƙasashe da dama suka kafa dokar haramta ta.

Karen da ke aiki

Masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a kudancin jihar Kebbi, ƙasa ce ta ruwa da daji. Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, aka kuma sauya wa mutane kimanin 44,000 matsuguni, rayuwar Gungawa da Kambari da Sarkawa da Fulani da Hausawan yankin ta dogara ne a kan tafkin da gonakin da ke gefensa.

Kare a wannan yanki ba ɗan ɗaki ba ne. Shi ke korar birai daga gonar dawa da masara, shi ke bin garke, kuma idan aka gama girbi rani ya shigo, shi ke shiga gaba a fagen farauta.

Wannan aiki yana da tsada a jikinsa. Hauren gadu na iya farke cikin kare, ƙayar beguwa na nitsewa a fuska da ƙirji, gwaggon biri kuma idan ya juyo yakan yage fata. Ga tarko, ga waya, ga faɗa da sauran karnuka.

Saboda haka tambayar yadda za a yi rauni ya warke a jikin dabbar da ba ta san amfanin ɗinki ba, tambaya ce da mafaraucin Ngaski ya fi mai karen ado a Abuja buƙatar amsarta.

Lasar rauni

Mutane da yawa sun yi imanin cewa yawun kare magani ne, kuma idan aka bar shi ya lashe mikinsa zai warke da kansa.

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Harshe na share ƙasa da mataccen nama daga ƙaramin rauni, kuma yawu na ɗauke da wasu sinadarai masu rage ƙarfin wasu ƙwayoyin cuta. To amma bakin kare da na kyanwa cike suke da nasu ƙwayoyin cutar, ciki har da wadda ake kira Pasteurella, da ke sa cizo ya kumbura ya yi mugunya.

Babbar matsalar ita ce kare bai san ya isa ba. Rauni idan ya fara haɗewa yakan yi ƙaiƙayi, ƙaiƙayin ya sa shi lasa, lasar ta ɓare sabuwar fatar, sai a koma farko. A haka ƙaramin ƙurji a ƙafa kan zama gyambon da ke ɗaukar watanni. Idan kuwa tiyata aka yi a ciki, kare na iya tsinke zaren a dare ɗaya, har hanji ya leƙo.

A bakin tafki akwai ƙarin haɗari, wato ƙuda. Raunin da ya zauna a jiƙe yana jawo ƙudajen da ke zuba ƙwai a ciki, bayan 'yan kwanaki a tarar da tsutsa tana cin nama mai rai.

Galibi fatar da aka ɗinke tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin a cire zare. Aikin mazurarin kawai shi ne ya raba baki da rauni na tsawon waɗannan kwanaki, haka kuma ya hana ƙafar baya kaiwa ga ido ko kunnen da ake jinya.

Kwalar Sarauniya

A Turance ana danganta mazurarin da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, saboda ya yi kama da faffaɗar kwala mai tattara da masu sarauta ke sawa a zamaninta. Ga wanda bai taɓa gani ba, ya ƙiyasta malfar da aka yanke wa tsini, ko bakin lasifikar masallaci, kan dabba na leƙowa daga tsakiya.

Wani Ba'amurke, Frank L. Johnson, shi ne ya nemi takardar mallakar fasahar a 1959, aka ba shi a 1962. Amma dabarar ta girme shi. Masu dawaki sun daɗe suna jera sanduna su ɗaure su kamar asabari a wuyan doki, don kada ya iya lanƙwasa wuya ya ciji ƙafar da ake yi wa magani.

Wani fim ɗin zane na Amurka mai suna Up, da ya fito a 2009, ya yi wa mazurarin laƙabin abin kunya, kuma sunan ya bi shi. Jama'a na dariyar hotunan karnuka sanye da shi, sai dai bincike ya nuna cewa ga dabbar abin ba na dariya ba ne.

A shekarar 2020 masana a Jami'ar Sydney da ke Ostireliya sun wallafa sakamakon jin ra'ayin mutane 434 da dabbobinsu suka sa mazurarin. Kashi 77 cikin 100 sun ce dabbar ta shiga ƙunci a lokacin. Kashi 60 cikin 100 sun ce shan ruwa ya yi mata wuya, kimanin biyu cikin uku sun ce ta kasa wasa, ɗaya cikin huɗu kuma ya ba da rahoton wani rauni ko ƙaiƙayi da shi kansa mazurarin ya haddasa.

Dalilan a fili suke. Mazurarin na toshe ganin gefe, yana tattara ƙara ya zuba a kunne, yana karo da ƙofa da bango. Kyanwa, wadda ke auna faɗin hanya da gashin bakinta, ta fi rikicewa, wata ma takan ƙi cin abinci.

Duk da haka masanan ba su ce a daina amfani da shi ba. Shawararsu ita ce a bayyana wa mai dabba abin da zai gani, a kuma duba ko wata dabara za ta wadatar. Akwai zobe mai iska da ake hurawa kamar tayar keke, akwai mazurari na ƙyalle mai laushi, akwai kuma riga da ke rufe ciki. Kowannensu yana da iyaka: zoben iska ba ya hana kare mai dogon baki kaiwa ga ƙafarsa, irin karnukan Arewa kuwa dogon baki da dogon wuya gare su.

Inda babu shago

Manyan asibitocin koyarwa na dabbobi da aka sani a Arewa maso Yamma suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiya mai nisa daga Ngaski. Abin da ya sawwaƙa shi ne mazurarin ba ya buƙatar masana'anta.

Ana yanke gindin bokitin roba mara nauyi daidai wuyan kare, a goge kaifin, a naɗe bakin da tsumma, a huda ramuka a zura igiya mai laushi. Ga ɗan kwikwiyo ko kyanwa, kwali mai ƙwari ko tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti sun isa.

Ma'auni biyu ne ba a wasa da su. Bakin mazurarin ya ɗan zarce ƙarshen hanci, in ba haka ba wahalar banza aka ba dabbar. Sa'an nan a tabbata yatsu biyu na shiga tsakanin wuya da ɗaurin.

Dabbar da ke sanye da shi ba a sakinta ta yi yawo. Tana iya maƙalewa a darni ko cikin ƙaya, ba ta ganin abin da ke zuwa ta gefe, kuma ba ta iya kare kanta daga wasu karnuka. A garuruwan bakin ruwa ya kamata a ƙara da cewa ba a shigar da ita kwalekwale, domin idan ta faɗa ruwa bokitin zai cika ya danne kanta.

Zafi ma abin lura ne. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin yankin kan haura digiri 40. Wajibi ne a ajiye shi a inuwa, a ɗaga kwanon ruwa a kan dutse ko bulo yadda bakinsa zai kai, a riƙa duba wuyan kowace rana.

Wasu kan ce ai takunkumi ya wadatar. Kalmar, wadda a yau aka fi jinta a labaran Majalisar Ɗinkin Duniya, asalinta saƙar igiya ce da ake sa wa jaki ko shanun huɗa a baki don kada su ci amfanin gona. Makiyaya ma na ɗaura wa maraƙi irinsa mai tsinke idan za a yaye shi. Amma takunkumin da ya matse bakin kare yana hana shi haki da shan ruwa, don haka na 'yan mintoci ne, lokacin wanke rauni ko ɗinki.

A wannan lokacin kam ba a yin sakaci da shi, domin kare mai jin zafi yana cizon ko da mai shi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Shawarar hukumar ga wanda kare ya ciza ita ce ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar rigakafin ciwon ta karnuka.

Minjirya a wuya

Kwalar lantarki ta samo asali ne daga mafarautan Amurka a shekarun 1960, waɗanda ke neman hanyar tsawata wa karen da ya yi nisa ya bi dabbar da ba ita ake nema ba. Na farkon ƙarfi ɗaya gare su, kuma mai tsanani.

Ta yau tana da ɗan akwati mai batir da ke zama a ƙarƙashin maƙogwaro, da wasu ƙusoshin ƙarfe biyu masu dakusasshen kai da ke ratsa gashi su taɓa fata. Mai kare na riƙe da rimot da ke aiki daga nisan ɗaruruwan mitoci, wani ma fiye da kilomita guda. Yawancinsu suna da ƙara, da girgiza irin ta wayar salula, sa'an nan jan wutar, wanda ake ƙarawa ko ragewa mataki-mataki.

Akwai kuma wadda ba ta buƙatar hannun mutum: da zarar kare ya yi haushi sai ta ja shi. Wata kuma tana aiki da wayar da aka binne kewaye da gida, dabarar da Richard Peck ya ƙirƙiro a jihar Pennsylvania a 1973, idan kare ya doshi iyaka ta yi ƙara, idan ya ci gaba ta ja shi.

Masuntan Kainji ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, domin sun san minjirya, kifin nan mai santsi da ke iya sakin wutar da ta kai bolt 350. Wanda ya taɓa damƙo ta a cikin koma ya san ba ta barin tabo, ya kuma san ba ya marmarin sakewa. Wannan shi ne gaba ɗayan hikimar kwalar. Idan ba ta dami kare ba, ba za ta sauya halinsa ba, ko da kamfani ya kira abin da take yi da wane irin suna mai daɗi.

Yadda kare zai ji ta ya danganta da kaurin gashi, da damshin fata, da yadda aka ɗaure. Binciken da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi ya gano bambanci mai yawa tsakanin kwalar wannan kamfani da ta wancan, ta yadda lamba biyar a wata tana iya fin lamba goma a wata. Karen da ya fito daga fadama a jiƙe ba daidai yake da wanda ke kwance a busasshiyar ƙasa ba.

Ƙusoshin su kansu, ko ba a kunna ba, suna cin fata idan suka daɗe a wuri ɗaya. Masu ƙera ta sukan gargaɗi kada ta wuce sa'o'i 12 a wuya a rana. Inda aka manta da ita kwanaki a cikin zafi, sai a sami ramuka biyu masu wari a maƙogwaro, raunin da shi ma sai an yi jinyarsa.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2004 masana biyu a Jami'ar Utrecht da ke Holand sun lura da karnukan gadi da ake horarwa da kwalar. Sun ga kururuwa da sunkuyar da kunne da maƙale wutsiya a lokacin jan, wanda ba abin mamaki ba ne. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne karnukan sun ci gaba da nuna alamun tsoro a wajen filin horo, matuƙar mai horar da su yana kusa. Wato sun alaƙanta zafin da mutumin.

A 2007 wasu masana a birnin Hanoba na Jamus suka raba karnuka 14 gida uku, suna auna sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin fargaba. Waɗanda ake ja a daidai lokacin da suka taɓa zomon roba sun gane dalili, suka guje shi, kuma sinadarin bai tashi sosai ba. Waɗanda ake ja ba tare da wani tsari ba, nasu ya yi tashin gwauron zabo.

Kowane ɓangare na kafa hujja da wannan bincike. Masu goyon baya na cewa ga shi nan, a hannun gwani ba ta da illa. Masu adawa na cewa gwanayen nawa ne, alhali ana sayar wa duk wanda ya biya. Jinkirin daƙiƙa biyu ya isa kare ya ɗauka cewa yaron da ke wucewa, ko akuyar maƙwabci, ko ma dawowa wurin ubangidansa, shi ne ya jawo masa zafin.

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Lincoln a Ingila, da aka wallafa a 2014. An ɗauki karnuka 63 masu halin ƙin amsa kira da bin tumaki, aka raba su uku. Rukuni ɗaya ƙwararrun da masu ƙera kwalar suka amince da su ne suka horar da shi da ita, na biyu su ɗin ne dai amma babu kwala, na uku kuma masu horo da lada, wato abinci da yabo. Bayan kwana biyar, yawancin masu karnukan a dukan rukunonin sun ce an sami gyara. Da aka sake nazarin hotunan bidiyon a 2020, sai aka ga karnukan da aka horar da lada sun fi saurin amsa kira tun a karon farko.

Ba dukan bincike ne ya tafi haka ba. Wani gwaji a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka a 2024 ya nuna cewa kwalar ta hana karnuka bin abin da ke gudu cikin ɗan lokaci, inda horo da abinci kaɗai bai yi nasara ba a kwanakin gwajin. Masu suka sun ce karnukan kaɗan ne, lokacin kuma gajere.

Inda aka hana

Wata babbar kotun tarayya a Jamus ta yanke hukunci a watan Fabrairun 2006 cewa amfani da kwalar wajen horar da kare ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi. Denmak da Norway da Ostiriya da Suwizalan na cikin ƙasashen da suka hana ko suka taƙaita ta ƙwarai. Holand ta bi sahu daga ranar 1 ga Janairun 2022.

A Birtaniya yankin Wales ne ya fara, a watan Maris na 2010, da hukuncin tara ko ɗauri. A shekarar da ta biyo baya aka ci wani mutum tarar fam 2,000. Gwamnati ta yi alkawarin irin wannan doka a Ingila a 2018, aka gabatar da daftari a 2023 da nufin ya fara aiki a Fabrairun 2024, amma ranar ta wuce ba a zartar ba.

A Amurka babu dokar tarayya da ta hana, ko da yake babban kamfanin sayar da kayan dabbobi na Petco ya janye masu rimot daga shagunansa a 2020.

Masu kare ta suna da hujjar da ba a yi watsi da ita. A ƙasar New Zealand hukumar kula da gandun daji na amfani da ita wajen koya wa karnuka guje wa tsuntsun kiwi da ke fuskantar ƙarewa. A wasu jihohin Amurka ana koya musu gudun maciji da ita. Suna cewa zafin daƙiƙa ɗaya ya fi harsashin manomi.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce a ƙauyukan Arewa. Karen da ya koyi kama kajin maƙwabta ko 'yan awaki ba ya daɗewa: ko a sa masa guba, ko a miƙa shi ga fataken da ke kai karnuka kasuwar Dawaki a jihar Filato. Sai dai a mafi yawan lokuta igiya da cikakken abinci suna maganin abin kafin a kai ga batir.

Horon mafarauta da mizanin malamai

Mafarautan ƙasar Hausa sun daɗe suna samar da karen da ke tafiya idan an tura shi, ya dawo idan an busa ƙaho ko an yi fito. Ɗan kwikwiyo na bin manya ne ya koya, kuma idan aka yi kamu ana jefa masa kayan ciki tun da ɗuminsu. Da wani masani daga Lincoln zai gani, zai ce wannan shi ne horo da lada. Ba a rasa duka da horon yunwa a cikin al'adar ba, amma ba su ne ke sa kare ya amsa sunansa daga tsakiyar daji ba.

Gwanin horo yana karanta kare kafin ya aikata. Hausawa na cewa in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi, kuma a lokacin shinshinar ne kira ke da amfani.

Batun horar da kare yana da babi a fiƙihu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kama, haka kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim da Buhari da Muslim suka ruwaito. Malaman Malikiyya sun bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda ke tafiya idan an aike shi, ya tsaya idan an tsawata masa. Sauran mazhabobi uku sun ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 miladiyya, kuma ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin Arewa, ya taƙaita ajiye kare ga tsaron gona da rakiyar dabbobi da farautar neman abinci. Masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa malamin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye.

A wurin da ya yi wannan bayani, littafin ya halatta fiɗiye tumaki saboda gyaran nama, ya hana yi wa dawaki, ya kuma karhanta yin lamba da wuta a fuskar dabba. Muslim ya ruwaito tsinuwar da aka yi wa wanda ya ƙona fuskar jaki, hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa kuwa sananne ne.

Waɗannan littattafai ba su san batir ba, amma ma'aunin da suka yi aiki da shi a bayyane yake: ana duba girman amfanin, da girman zafin, da ko akwai wata hanya. Mazurarin jinya na tsallake wannan ma'auni cikin sauƙi, tun da ƙuncin na mako biyu ne kuma amfanin na dabbar ne. Kwalar da ke jan kare don ya yi haushi da dare tana da wuyar karewa, musamman a wurin da haushin ne dalilin ajiye shi.

Doka da abin da ke tafe

Dokar hukunta laifuka ta Penal Code, wadda aka kafa wa Arewacin Najeriya a 1959 ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga wanda ya azabtar da dabbar gida ko ya yi mata mugun duka. An rubuta ta kafin kwalar lantarki ta shiga kasuwa, saboda haka alƙali ne zai duba ko abin da aka yi da ita ya kai azabtarwa.

Ba kowace kwala mai batir ce ke ja ba. Akwai wadda ke nuna inda kare yake ta hanyar tauraron ɗan adam, abin da zai yi wa mafaraucin da karensa ya ɓace a daji amfani, in har yana da inda zai yi caji.

Fasahar ta kuma tsallaka zuwa dabbobin kiwo. Kamfanin Nofence na Norway da Halter na New Zealand suna ƙera kwala mai aiki da hasken rana ga shanu, na farkon har da awaki da tumaki. Makiyayi na zana iyakar makiyaya a wayarsa. Idan saniya ta doshi iyakar sai kwalar ta fara wani sauti mai ƙaruwa, idan ba ta juya ba ta ja ta sau ɗaya, da ƙarfin da bai kai na shingen lantarki ba. Cikin 'yan kwanaki yawancin dabbobin kan koyi juyawa da jin sautin kawai. Dokar Wales ba ta shafe ta ba, domin karnuka da kyanwoyi kaɗai ta ambata.

A gaɓar Kainji, inda ruwa ke janyewa a wani ɓangare na shekara ya bar ƙasa mai dausayi da manomin albasa da mai garke ke buƙata a lokaci guda, shingen da ba ya buƙatar itace ko waya abu ne da zai ja hankali. Amma kowace babbar dabba sai an saya mata tata kwalar, kuma tsarin ya dogara da layin sadarwa mai ƙarfi da kuɗin rajista da ake biyan kamfanin a kai a kai.